Ranar da Cirino Ya Ba da Aron Pupa

Yayana Cirino ya haura shekara sittin, kuma a garinmu yanzu sunansa mai takabar ɓera. A shagon kofi na bakin dandali aka raɗa masa, inda maza ke zama tun safe suna buga kati suna bin matan mutane da ido. In ya zo wucewa sai wani ya ɗaga murya, don sun san kunnensa ba ya ji sosai: "Cirino, yaushe za a fita takaba ne? A sanar da mu, mu zo cin taliya." Shi kuma ya ɗaga musu hula yana murmushi, ya ɗauka gaisuwa ce. Ni ce nake jin abin da suke faɗa. Sunana Venera, ni ce ƙanwarsa, kuma tunda shi ba zai taɓa buɗe baki ba, ni zan faɗi yadda aka yi.

Da farko dai Pupa, dabbar da yake wa wannan takabar, ba ɓera ba ce. Furettu ce, ɗan tunkun gidan nan mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, wanda mafarautanmu ke zurawa a rami ya koro musu zomo. Duk wani ɗan zaman banza a shagon nan ya san bambancin, don rabinsu suna da nasu a bayan gida cikin akwatin katako. Suna cewa ɓera ne don abin ya yi ciwo.

Cirino bai gama firamare ba Babanmu ya kai shi wurin fasa baƙin dutse, irin wanda Dutse, wato dutsen mai aman wuta da ke saman garinmu, ke amayarwa ya daskare. Ni na yi sakandare, kuma da gumin bayansa na yi ta, ban taɓa ɓoyewa ba. Nakiyar fasa dutse ta tafi da kunnensa na hagu tun yana saurayi, na dama kuma ya rage kaɗan. Da ya bar wurin sai ya koma jera katangar dutse a gonaki, irin wadda ba a sa mata siminti. Mutum ne da ba a taɓa jin a'a a bakinsa ba. An ari tsaninsa, an ari jakinsa lokacin da yake da jaki, an ari bayansa ranar kwasar zaitun, ba a mayar masa da rabin abin da aka ɗauka ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya yi aure a makare, da Lucia, mace mai shiru irinsa. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ciwo ya ɗauke ta, sai ya daina kunna wuta a gidan. Burodi da cuku a tsaye bakin taga, shi ne abincinsa. Nakan kai masa miya in koma washegari in tarar da kwanon yadda na ajiye shi.

Wata Lahadi ya tafi kasuwar garin da ke ƙasa da mu sayen ƙotar diga. Ya dawo babu ƙota, wani abu yana motsi a hannun kwat ɗinsa.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan mai wari?"

Ya ce, "Baƙuwa ce."

"Kai da ba ka taɓa riƙe bindiga ba, me za ka yi da furettu?"

"Ba ni na zaɓe ta ba. Na sunkuya duba kwandon mutumin, ta shige hannun rigata ta ƙi fita. Ya ce in ba zan saya ba in tuɓe masa kwat ɗin."

Ba zan yi ƙarya ba, ban so ta ba da farko. Tana da wari, kuma ɓarauniya ce ta bugawa a jarida. Safa, cokali, marfin kwalba, carbin addu'ata da na ajiye kan tebur, duk sai ta ja su ƙarƙashin akwatin kayan Lucia ta tara. Amma ita ba ta cin burodi da cuku. Dole ya je wurin mahauci ya karɓo hanta, dole ya dafa ƙwai, kuma tunda an kunna wuta sai ya ɗora tukunyar kansa. Haka Cirino ya koma cin abinci mai zafi. Da safe tana cizon babban yatsan ƙafarsa ya tashi. In an ƙwanƙwasa ƙofa shi ba ya ji, amma ita takan ruga can tana tsalle a karkace kamar wadda ta sha ruwan inabi, sai ya gane an yi baƙo. Ya ɗinka mata aljihu a cikin kwat, tana binsa gona, tana barci a inuwar katangar da yake jerawa. Ran da na shiga na ji yana dariya shi kaɗai har yana tari, ita kuma tana fama da takalminsa, na koma waje na tsaya na ɗan jima kafin in sake shiga. Rabon da in ji wannan dariyar tun Lucia na da lafiya.

Shekaru suka yi haka. Ba ta taɓa shiga ramin zomo ba. Ba a taɓa ɗaura mata komai a baki ba.

Yanzu sai mijina. Sunansa Rosario, ana ce masa Saro, yana sayar da siminti da kayan gini, kuma a ganinsa babu mafarauci irinsa daga nan har bakin teku. Cirino ne ya riƙe ɗanmu ranar baftisma, saboda haka ba suruki kawai ba ne, kumpari ne. A wurinmu in kumpari ya roƙe ka abu ba ka hana shi, Waliyyi Yohanna ne shaida a tsakaninku. Haka muka taso muka tarar. Na lura dai masu yawan tuna wannan ƙa'ida su ne masu roƙo.

Furettun Saro ya mutu a zafin Agusta, don ya bar shi a rumfar kwano ya tafi bakin teku. Ga lokacin buɗe farautar zomo ya zo, ga shi ya riga ya gayyato wasu 'yan kwangila biyu daga Catania, ya cika musu baki cewa za su koma da zomaye har mota ta kasa ɗauka. Ranar Juma'a ina gidan Cirino na kai masa wanki, sai ga Saro da kwandon farauta a kafaɗa da kwalbar ruwan inabi a hannu. Da na ga kwalbar na san da magana.

Ya yi ihu a kunnen dama, "Kumpari, gimbiyarka na zo aro. Jibi kawai."

Cirino ya sa hannu ya dafe aljihun kwat. Ya ce, "Ai ba ta iya ba, Kumpari. Ba ta san rami ba."

"A jininsu yake. Kai ne ka mayar da ita matar aure. Bari ta ga duniya kafin ta tsufa."

Na ce, "Saro, je ka ari na wani. Garin nan cike yake da su."

"Kowa zai fita da nasa ranar. Ke kuma wa ya sa da ke? Magana ce tsakanin kumpari da kumpari."

Cirino ya dube ni, ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "To, amma kada ka sa mata takunkumi. Tana tsoro ko zare ya taɓa fuskarta. Kuma ka ba ta abinci, ga hanta nan. Kafin rana ta yi zafi ka dawo da ita."

Saro ya dafa ƙirji. "Na rantse da Waliyyi Yohanna. Kamar 'yata."

Ya ce zai tafi da ita tun ranar don ta saba da karensa. Ba don kare ba ne. Mafarauta suna hana furettu abinci kafin fita don yunwa ta sa shi zafin nema, suna kuma ɗaure masa baki da igiya don kada ya kama zomo a ƙasa ya ci ya ƙoshi ya kwanta barci a can. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma Saro bai ga dalilin da zai sa ya canza don wani kurma ya roƙe shi ba. Hantar, karensa ya ba. Daga baya na sani.

Ranar Lahadi bayan an fito coci ya dawo a 'yar motarsa mai taya uku, zomaye rataye a baya, kwando babu komai. Cirino na zaune bakin ƙofarmu tun safe.

Saro ya ce, "Kumpari, kada ka tayar da hankalinka. Ta yi aiki kamar tsohuwar hannu, sai a ramin ƙarshe ta ƙi fitowa. Mun jira, baƙina suna sauri. Na toshe bakin ramin da dutse yadda ake yi, don kada ta fito ta ɓata. Tana nan kamar a ɗaki."

"A ina?"

Saro ya kau da ido. Ya ce, "Ƙasan tsohuwar gonar inabin gidan Zappala, wajen rusasshiyar katangar nan."

Cirino bai tsaya shan ruwa ba. Ya ɗauki diga da sandar ƙarfe, ni na bi shi, don Saro ya ce ya ɗaura mata 'yar ƙararrawa a wuya, kuma yayana ba zai ji ta ba ko a kan hancinsa aka kaɗa. Ni ce kunnensa. Saro ya kai mu, ya nuna wani wuri da baki, ya ce nan ne ko can gaba kaɗan, duwatsun duk kamarsu ɗaya, ya koma wurin baƙinsa cin abinci.

Wanda ya san baƙin filin nan a farkon Satumba ya san abin da nake nufi. Dutsen yana ƙona tafin hannu, kaifinsa yana yanka takalmi. Ni mace mai shekara hamsin da ɗoriya, mai ciwon gwiwa, na dinga kwanciya rub da ciki ina manna kunne a kowane tsagi. Cirino na tsaye a kaina yana duban fuskata. In na girgiza kai sai mu matsa gaba. Wani lokaci in ji kamar ƙararrawa, in ɗaga hannu, ya hau ture duwatsu kamar saurayi, ashe tumakin wani ne can nesa. Yakan tsuguna ya sa baki a rami ya kira ta, ya ajiye ɗan ƙwai da ruwa a murfin gwangwani. Ya bar kwat ɗinsa a wurin don ta ji ƙanshinsa in ta fito.

Washegari muka koma. Muka sake komawa. Ya rushe katangar Zappala kusan rabi, hannunsa duk ya tsage, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Masu wucewa zuwa gona suna tsayar da mota su leƙo. "Cirino, in ka samu zinariyar a tuna da mu." Saro kuwa yana zuwa da yamma, hannu a aljihu, ya ce, "Ku gwada hagu kaɗan, kamar dai wajen can ne." Ya koma gida ya ci abincinsa har da suɗe kwano. Ya kalli mutumin da ya riƙe masa ɗa a gaban Allah yana haƙa da jini a hannu, ya ce a gwada hagu.

Tsakiyar mako Nunzio makiyayi ya kawo min cuku kamar kullum. Yana ɗaure jakarsa ya ce, "Na ji wai kuna haƙa a wajen Zappala. Me ya kai ta can? Ni dai ranar Lahadi a sama na ga motar maigidanki, gaba da allon gwamnati, wajen kogon nan da ruwa ke ɗiga."

Gaba da allon, wato inda aka hana farauta. In masu tsaron daji suka kama mutum a can da bindiga da furettu, lasisin bindigarsa ya tafi ke nan.

Na ajiye cukun. Saro na kan tebur, ya ɗaura tsumma a wuya, taliya a gabansa. Na ɗauke farantin.

"Ke, lafiya?"

"A ina ka toshe ta?"

"Sau nawa zan faɗa? Wajen Zappala."

"Nunzio ya ga motarka a sama."

Ya ajiye cokalin. Bai ma ji kunya ba, haushi ya ji. Ya ce, "Nunzio ya iya bakinsa. Kin san abin da zai faru in aka ga ɗan'uwanki yana haƙa a can? Za a tambaye shi, shi kuma ba ya iya ƙarya. Lasisina na shekara talatin zai tafi a kan dabbar da ba ta kai kuɗin takalmi ba. Zan saya masa wata. Biyu ma."

"Ka sa mata takunkumi?"

"Kowa yana sawa."

"Ka ba ta abinci?"

"Venera, dabba ce."

Na cire gyalen girki, na sa takalmin coci, na ɗauki jakata. Ya ce ina za ni. Na ce ofishin masu tsaron daji, kuma zan ba su sunansa da na baƙinsa da lambar motarsa, in sun so in zana musu kamanninsa.

Ya miƙe. "Mijinki za ki kai ƙara? A garin nan? Ba wanda zai ƙara gaishe ki."

"Gaisuwarsu ba ta taɓa cika min tukunya ba. Ko ka tada motar yanzu, ko in tafi."

Ya san ni. Ya tada motar.

Muka ɗauki Cirino a wajen Zappala. Na faɗa masa a kunne cewa ba nan ba ne. Ya dubi katangar da ya rushe, ya dubi Saro. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya hau baya ya zauna kan digarsa.

Saro bai yi wani nema ba. Daga inda mota ta tsaya ya miƙe kai tsaye zuwa wurin, wato bai taɓa mantawa ba. Dutse ne guda a bakin rami, bai fi burodi girma ba. Cirino ya sa hannu ɗaya ya ɗauke shi. Ba a bukaci diga ba, ba a bukaci sandar ƙarfe ba.

Tana nan daidai bayan dutsen. Ta dawo bakin ramin kamar yadda duk furettu ke dawowa, ta tarar an rufe. Ƙasar wurin duk ta tone ta, faratanta na gaba sun cinye. Igiyar tana ɗaure a bakinta, ta shige cikin fata saboda ja. A cikin kogon, ƙasa kaɗan, ruwa yana ɗiga a kan dutse, ina jin sa da kunnena. Da bakin a sake yake ko ƙadangare ta kama ta ci. Jikinta bai ma gama sandarewa ba. Da Saro ya faɗi gaskiya ranar Lahadi, aikin miƙa hannu ne, da yamma tana gida tana satar safa.

Cirino ya zauna a ƙasa. Ya ciro 'yar wuƙarsa ya yanke igiyar a hankali don kada ya taɓa fatar, ya shafa mata gashin fuska ya kwantar. Saro ya fara cewa, "Kumpari, wallahi na ɗauka..." Na ce masa in ya ƙara kalma ɗaya zan fasa masa baki da dutsen nan, kuma ba wasa nake ba. Cirino ya ƙi hawa motar. Da ƙafa ya sauko daga Dutse, ita a cikin kwat, ni ina binsa a baya da gwiwata.

A gindin ɓauren bayan gidansa ya binne ta. Ya sassaƙa ɗan baƙin dutse ya kafa, bai rubuta komai a kai ba. Wannan dutsen ne maƙwabta suka leƙo ta katanga suka gani, labari ya kai shagon kofi.

Mako na zagayowa Saro ya je da sabon furettu a kwando, namiji, ƙato. Na bi shi don in ga ƙarshen rashin kunya. Ya ajiye a bakin ƙofa ya ce, "Kumpari, ga wannan. Ya fi waccan ƙarfi, kuma ya iya aiki. Shi ke nan, magana ta wuce."

Cirino ya tsaya a ƙofar bai matsa ya ba shi hanya ba. Ya leƙa kwandon ya ce, "Ka ba shi ruwa, yana haki." Sannan ya ce, "Rosario, ka tafi da abinka." Ya rufe ƙofa.

Saro ya dawo gida yana huci, wai an ci mutuncinsa, wai an kira shi da sunan takarda kamar baƙo. Har wurin Fada, limamin cocinmu, ya je ya kai kuka cewa kumpari ya yanke zumunci a kan dabba. A gari kuwa ni ce mai laifi. Matar da ta so kai mijinta ƙara. Matan da muka yi makaranta tare suna sauya layi a wurin mai burodi. Ba wanda ya ce uffan game da namijin da ya rantse da waliyyi ya karya, ya bar tsoho yana fasa duwatsun banza kwana da kwanaki don ya tsira da takardar bindiga. Wannan a wurinsu wayo ne. Kuka a kan abin da ya ba ka dariya shekara da shekaru shi ne hauka.

Cirino yana nan, yana jera katangarsa in an kira shi. Ya rame. Ina kai masa abinci da rana, kuma yanzu ina zama sai na ga ya ci. A cikin gida har yau jan ƙafa yake a ƙasa, ba ya ɗaga ta, yadda masu furettu ke tafiya don kada su taka shi. Kafin ya zauna sai ya ɗaga matashin kujera ya duba. Ya san babu komai, hannunsa ne bai sani ba tukuna. Ban ce masa ya daina ba, kuma duk wanda ya ce masa a gabana zai ji abin da bai taɓa ji ba.

Ni da Saro muna gida ɗaya. Ina wanke masa kaya, ina dafa masa abinci, ban da zomo. Shekaranjiya ya shigo da guda biyu ya jefa a kan tebur, na ɗauka na mayar masa cikin mota. Ya ce, "Wai wannan abu sai yaushe zai ƙare?"

Na ce, "Ka je ka tsaya a gabansa ka ce, na yi maka ƙarya. Da ƙarfi, a kunnen dama, yadda maƙwabta za su ji."

Ya ce shi namiji ne, ba zai durƙusa a kan ɓera ba. Na ce to ya nemi mai dafa masa.